Nomau da Motar Cikin Waya

A Tudun Gawo, wani ƙauye da mota ba ta shiga sai ranar kasuwa, akwai wani magidanci da ake kira Nomau. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Hansai mai ciki wata biyar, da tsohuwarsa Inna Tabawa, wadda kunnenta ya yi nauyi amma bakinta bai yi ba. Nomau ba rago ba ne, ba kuma mahaukaci ba, kada wani ya ɗora masa abin da ba shi da shi. Matsalarsa guda ce, yadda ka faɗi magana haka yake ɗaukarta, ba ya ragewa ba ya ƙarawa. In ka ce ya jira ka a bakin rijiya, ka manta ka yi tafiyarka, to gobe ma can za ka same shi.

A daminar da ruwa ya zaizaye gonarsa ya bar masa kwazazzabo, Inna Tabawa ta sa aka kira mata babban ɗanta Shekarau, bakanike a Kano, ta ce ya ɗauki ƙaninsa ya nema masa abin yi. Shekarau ya san halin Nomau sarai, amma ba a yi wa Inna musu. Ya ce, "To, Inna, wata ɗaya. In ya sami sana'a ya ɗauko ku, in bai samu ba ya dawo." Dawowa kuwa ba gona, sai ƙwadago a gonakin mutane, ga haihuwa tafe. Da wannan nauyin a zuciya Nomau ya hau motar kasuwa ya shigo birni.

Wata rana, kwanansa biyu da zuwa, Shekarau ya ba shi tsohuwar wayarsa don a riƙa samunsa in ana nema. A cikin wayar akwai wasan tseren mota, wanda mutanen garejin suke yi bayan azahar in aiki ya lafa. Shekarau ya nuna masa inda ake taka totur da inda ake taka birki, ya ce, "Ga motarka nan, ja. Kai ne direba, duk abin da ya faru kai ka yi." Nomau ya zauna a soro ya danna. Ko minti ɗaya bai yi ba ya ɗirka wa wata shuɗiyar mota daga baya, ta yi alkafura sau uku ta kife, hayaƙi na tashi. Ya jira ya ga ko wani zai fito daga ciki, shiru. Sai ya kwashi takalmansa a hannu, bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar gidan mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, na kawo kaina. Na yi hatsari."

Mai unguwa ya miƙe tsaye. "Subhanallahi! A wane titi?"

"Ban san sunan titin ba, baƙo ne ni. Amma akwai teku a gefensa."

"Teku? A Kano?"

Kafin a gane kan zancen mutane sun taru, wani har ya tafi neman motar da za ta kwashi masu rauni. Da Nomau ya ciro waya ya nuna, sai ga shuɗiyar motar tsaye garau a bakin layi, ko lotsawa babu, tana jiran a sake sabon tsere. Jama'a suka kwashe da dariya, mai unguwa ya koma ya zauna yana girgiza kai. Nomau dai bai yi dariya ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne wane bakanike ne ya gyara ta da sauri haka, ga wansa yana kwana uku a kan mota ɗaya.

Duk da haka wasan ya shiga ransa. Yana gama share gareji sai ya raɓe a gindin dalbejiya, harshe a waje, yana fama. Garin da ke cikin wayar ne yake ba shi tausayi: titi sumul kamar an goge da tsumma, amma babu mai tallan gyaɗa ko ɗaya, babu akuya, babu masallaci. Ya taɓa tambayar Shekarau me mutanen can suke ci. Shekarau ya ce ya miƙo masa sifana.

Wata rana Balaraba, matar Shekarau, ta karɓi wayar za ta duba lokaci, ta ji ta yi zafi zau. Akwai wasa tsakaninta da ƙanin mijin nata, amma wannan karon da gaske take. Ta ce, "Kai mijina, za ka kashe wayar nan. Ajiye ta wuri mai sanyi ta huta, kada ka ƙara taɓa ta sai la'asar." Nomau ya shimfiɗa hularsa a kan jiƙaƙƙen yashin gindin randa, ya kwantar da wayar a kai, ya ɗauko mafici ya zauna yana yi mata fifita. Balaraba ta saka mayafi ta tafi barkar suna.

Ba a jima ba wayar ta soma ruri. Nomau ya leƙa, ya ga sunan Yaya. Ya kai hannu, ya tuna, ya janye. Ta katse, ta sake ɗauka. Ya ƙara ƙarfin fifita yana ce mata, "Yi haƙuri, yanzu zai gaji ya bar ki." Sau tara Shekarau yana kira. Ashe wani mai shagon taya ne ya zo garejin yana neman mai gadi, mutum mai gaskiya wanda ba ya barin inda aka ajiye shi. Kai, da ma an halicci wani aiki don Nomau, ai wannan ne. Mutumin ya jira har ya gaji, ya tafi ya ɗauki wani. Ana kiran la'asar Nomau ya ɗauki waya ya kira wansa da fara'a.

"Yaya, ta huta. Me ya faru?"

Abin da Shekarau ya faɗa masa ba zai maimaitu a nan ba. Nomau ya saurara har ƙarshe, idonsa ya kawo ruwa, don ya gane aiki ne ya wuce shi. Abin da bai gane ba shi ne inda ya yi laifi, tunda an ce kada ya taɓa, bai kuwa taɓa ba.

A garejin akwai wani mai walda, Ɗanliti, gwanin tseren waya kuma gwanin tsokana. Shi ne kullum yake zuwa na ɗaya, shi ne kuma ya ɗauki Nomau abin nishaɗi. Wata rana ya ga Nomau ya sake zuwa na ƙarshe, sai ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ka san abin da ke cutarka? Kirki. Kana matsa wa mutane suna wucewa. A garin nan, da cikin waya da wajenta, kada ka yarda kowa ya wuce ka. Wanda ya wuce ka ya ci rabonka." Nomau ya riƙe maganar gam, don rabo ya zo nema.

Washegari Balaraba ta zuba shinkafa da wake a kula ta ba shi ya kai wa Shekarau gareji, tafiyar da ba ta fi a sha ruwa a dawo ba. Yana fita wani malamin makaranta ya wuce shi da sauri. Nomau ya ƙara mai ya sha gabansa. Sai ga mai tura ruwa, ya wuce shi. Sai ga mai keke, wannan ya ba shi wuya, amma ya kamo shi a kwana. Kwanar garejin kuwa tuni ta wuce, shi bai ma gan ta ba. Can ya hango ayarin mutane sun cika titi suna tafiya da hanzari, ba mai magana. Ya ce a ransa lallai nan ne babban tseren. Ya rungume kula ya kutsa, ya wuce na baya, ya wuce na tsakiya, ya wuce masu ɗauke da makara, har ya zama ba kowa a gabansa sai ƙofar maƙabarta. Ya shiga yana haki.

Masu haƙa suna ciki ba su ƙarasa ba, ƙasar ta yi tauri. Ɗayansu ya ga mutum ya shigo a guje gaban kowa, sai ya miƙa masa diga ya ce, "Allah ya saka da alheri, ɗan'uwa, kama nan." Nomau ya ajiye kula ya kama. Haƙa kam sana'arsa ce, nan da nan ya buɗe musu wurin. Aka yi sutura aka yi addu'a. Da aka watse, masu haƙan suka ga kula a gindin bishiya, suka ɗauka sadakar gidan mamaci ce, suka yi bisimilla. Sai bayan la'asar wani mai babur ya dawo da Nomau gareji, buɗu-buɗu da jar ƙasa, kula wayam.

Shekarau, wanda yunwa ta gama cinyewa, ya dube shi sama da ƙasa. "Daga ina?"

"Yaya, yau dai na zo na ɗaya."

"A ina?"

"A maƙabarta."

Ɗanliti ya faɗi daga kan benci don dariya. Shekarau ya ɗaga yatsu biyu ya nuna wa Nomau, wato saura mako biyu.

Bayan wannan Nomau ya nutsu, ya yi kwanaki ba a ji kansa ba. Shekarau har ya sassauto, ya zauna yana nuna masa wata dabara. Ya ce, "Daina danne-dannen nan. Riƙe ta hannu biyu kamar sitiyari. Duk inda ka karkata wayar nan, can mota za ta bi."

Wata rana aka aike shi Ƙofar Ruwa sayo bel ɗin inji, ya shiga a-daidaita-sahu tare da wani dattijo da wata mata mai kwandon tumatir a cinya. Yana riƙe da waya hannu biyu. Ya ɗan karkata ta dama don ya gyara zama, sai direban ya sha kwana dama. Nomau ya zaro ido. Ya jira, ya karkata hagu a hankali, Allah da ikonsa hanyar ma hagu ta yi. Shi ke nan, gumi ya karyo masa, ashe rayukan mutum huɗu ne a hannunsa ba wanda ya gaya masa. Ya daina ko ƙifta ido. Dattijon ya tambaye shi ƙarfe nawa, ya ce, "Baba, bari, tuƙi nake." Da suka iso shataletale Nomau ya karkata dama, direban kuwa ya miƙe. Ya ƙara karkatawa har kansa ya kwanta a kafaɗar dattijo, abin hawa bai bi ba. Sai ya ƙwalla ihu.

"Sitiyari ya ƙwace! Jama'a, kowa ya yi ta kansa!"

Direban ya taka birki da ƙarfi. Dattijo ya dira waje da tsallen da ya shekara ashirin bai yi irinsa ba, kwando ya kife, tumatir ya bazu a kwalta, motocin baya suka bi ta kai suna hon. Ba wanda ya ji rauni, amma matar nan ta wanke Nomau tas tun daga hula har takalmi, direban kuma ya riƙo wuyan rigarsa bai saki ba sai a gaban Shekarau. Shekarau ya ba da haƙuri har bakinsa ya bushe. Da suka tafi ya miƙa hannu, Nomau ya sa masa wayar.

"Jibi Asabar akwai motar kasuwarku. Ka haɗa kayanka."

"Yaya, ai kai ka ce duk inda na karkata..."

"Na ce! Komai ni na ce! Ka haɗa kayanka, Nomau."

Ya haɗa. Kayan ma ba su da yawa, leda ɗaya ce. Bai kira Hansai ba, don bai san da bakin da zai gaya mata ba. Baƙin ciki ya ishe shi, ga shi ya rasa wanda zai ji wa haushi, domin a iya saninsa ba umarnin da aka ba shi a garin nan da bai cika ba.

Wata rana, wato Juma'ar da zai kwana ya tafi, bayan an sauko daga masallaci, mutanen gareji suka zauna a inuwa za su haɗa wayoyinsu su yi tsere su biyar. A gefe akwai wata akori-kura da aka jawo da safe, gabanta a lotse, bayanta na ƙarnin ƙwai har ƙudaje sun yi mata rumfa. Mai ita, Alhaji Mamuda dillalin ƙwai, yana zaune a kujerar roba yana jiran a gaya masa abin da ya lalace, fuskar nan a murtuke. Direbansa ne ya faɗa rami a guje da kaya cike.

Ɗanliti ya hango Nomau tsugune shi kaɗai da ledarsa. Ko tausayi ne ya kama shi ko tsokanar ce ta motsa, Allah masani. Ya ce, "Zo ka yi na bankwana. Ga wayata, yi da farar motata." Sai ya ɗaure fuska ya ƙara da cewa, "Amma ka sani aro na ba ka. Yadda na ba ka ita haka za ka dawo min da ita, ko ƙwarzane ban yarda ba." Shekarau, wanda tun jiya zuciyarsa take damunsa, ya ce daga ƙarƙashin mota, "In ka zo na ɗaya na ƙara maka wata guda."

Nomau ya karɓi waya. Wata guda! Ga shi farar motar nan ta fi tasa gudu nesa ba kusa ba, kowa ya san ita ke cin tsere. Aka ƙirga uku aka saki. Motoci huɗu suka yi gaba suna gogar juna, suna dukan shinge, tartsatsi na tashi. Nomau ya taka ya bi su, har ya kamo ta huɗu. Sai ga kwana, ga motoci sun cunkushe a cikinta, ba yadda za a yi a ratsa ba a gogi wani ba. Ya dubi ratar, ya dubi farin fentin Ɗanliti. Ya ɗaga yatsa daga kan totur.

"Taka mana!" in ji wani. "Kai, taka, sun tafi!"

Bai taka ba. Ya bari suka yi nisa, ƙurarsu ta kwanta, sannan ya shiga kwanar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono. Ya koma hannunsa ya bi gefen titi. In ya zo kwana sai ya rage, ya yi hon da bakinsa, ya leƙa, ya wuce. Cikin minti uku sauran suka gama, suka ajiye wayoyi suka zagaye shi suna shewa. Ɗanliti ya ce da ma ya sauka ya tura ta, ai da ya fi sauri. Nomau yana jinsu. Ya san wata gudan ya tafi, ya san gobe war haka yana Tudun Gawo yana kallon kwazazzabo, hawaye har ɗiga suke a gilashin wayar yana sharewa da hannun riga. Amma bai ƙara gudu ba. Sai da ya yi kusan rabin awa sannan farar mota ta tsallaka layi, fes da ita. Ya miƙa wa Ɗanliti da hannu biyu ya ce, "Duba ta, Malam Ɗanliti, ko akwai inda na taɓa."

Ba wanda ya lura cewa Alhaji Mamuda ya jawo kujerarsa tun ɗazu yana kallo ta bayan kafaɗar Nomau. Ya yi gyaran murya.

"Kai, bawan Allah. Na ji an ce in ka ci za a ƙara maka wata. Me ya hana ka takawa?"

"Ranka ya daɗe, motar mutane ce."

"Ai ta wasa ce. Ko ka ragargaza ta, sabuwa za ta dawo."

"Haka nake gani tana yi, Alhaji, ni ma abin yana ba ni mamaki. Amma ni dai cewa aka yi kada ta ƙwarzanu."

Alhaji ya dubi akori-kurarsa da ƙudajenta. Sannan ya ce, "Ka iya tuƙi? Na waje nake nufi."

"A'a."

"Za a koya maka. Akwai ɗaki a bayan sito, in kana da iyali ka kawo su. Litinin ka fara bin mota kana riƙe kaya."

Shekarau ya fito daga ƙarƙashin mota da sauri har ya buge goshi. Tsoron Allah ya sa ya ce, "Alhaji, gaskiya ƙanina ne, amma sai na faɗa maka. Wannan duk abin da ka ce masa, shi zai yi. Daidai shi, ba ƙari."

Alhaji ya ce, "Shekara nawa ina neman wanda zai yi haka? Masu wayo uku na ɗauka a jere, ga ƙwaina can a kwalta."

Nomau ya dubi wannan ya dubi wancan, yana jiran wani ya fassara masa. Shekarau ya zaro tsohuwar wayar daga aljihu ya danƙa masa, murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Kira gida." Nomau ya koma gindin dalbejiya ya kira maƙwabcinsu, aka kai wa Hansai wayar.

"Hansai, an yi tseren ƙarshe yau. Na zo na ƙarshe."

Ta ce, "Ba komai, Malam. Allah ya sa haka ne mafi alheri. Gobe kana tafe ke nan?"

"A'a, ku ne za ku taho. Ki gaya wa Inna da ƙarfi yadda za ta ji."

"Malam, ban gane ba."

"Wallahi ni ma ban gane ba. Ki dai haɗa kaya."